Kwaɗi, katantanwa da ƙananan halittun ruwa a gonakin Sudan: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da manoma, makiyaya, malaman makaranta da iyayen gida ke yawan yi a Jazira, Sinnar, Mai Wurno, Gadarif, Kasala da Damazin, a kan halittun da ke zaune a tur'a (magudanar ban ruwa), fula (tafkin ruwan sama), hafir (tafkin da aka haƙa don tara ruwa) da bakin kogi. Abu ɗaya zai riƙa dawowa a cikin amsoshin: kafin ka tambayi sunan halittar da ka gani, fara tambayar kwana nawa ruwan ya yi a kwance. Ruwan mako ɗaya na sauro ne. Ruwan wata ɗaya ko biyu na kwaɗo da mazari ne. Ruwan da ba ya ƙafewa kuwa gidan katantanwa da matsattsaku ne.

Daren ruwan farko sai gari ya ɗauki kukan kwaɗi. Da gaske tare da ruwan suke saukowa?

A'a. Suna ƙarƙashin ƙafarka tun bara. Baƙar ƙasar Jazira da ta Gadarif takan dare idan rani ya yi tsanani, tsagar ta kai zurfin rabin mita ko fiye, can ƙasa kuwa akwai sauran danshi ko da saman yana ƙona tafin ƙafa. Nan da yawansu ke shigewa. Wasu ramin ɓera suke samu, ko tsohon suri, ko ƙarƙashin tarin bulo. Akwai kuma masu haƙa nasu. Kwaɗon yashi, wanda masana ke kira Tomopterna, yana da wani ƙullutu mai kaifi a dugadugin ƙafar baya kamar ƙaramar fartanya. Da baya yake nutsewa yana murɗa jiki, kafin ka ankara yashi ya rufe shi. Wani ɗan ƙarami mai tsinin hanci, Hemisus, shi da ka yake haƙa.

A cikin ramin jiki kan rage aiki ƙwarai. Ba ci, numfashi ya yi ƙasa, sai kitsen da aka tara da damina ake ci a hankali. Ruwa a mafitsara yake ajiye, jiki na ja kaɗan-kaɗan. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Fatar cikinsa da ta cinyoyinsa ce ke tsotsa, shi ya sa za ka gan shi ya baje ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin zir, wato randar ruwa. Da ruwan harif, wato na damina, ya ratsa ƙasa ya iske wannan fatar, sai su fito a dare guda. Maza ne masu kukan, mata suke kira, kuma gaggawar dole ce, don fular da ta cika yau ba ta da tabbacin kai wata.

Gaiwa ma haka take shafe rani a cikin busasshen taɓo, amma ita kifi ce, ba dangin kwaɗo ba.

Iri nawa ne, kuma yaya zan bambanta su?

A duniya an san sama da iri 8,000 na wannan dangi mai rayuwar ruwa da tudu. Kashi uku ne: kwaɗi, su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, masu wutsiya kamar ƙadangare, waɗanda babu su kudu da Sahara, da marasa ƙafa masu kama da babbar tana, na dazuzzuka masu yawan ruwa. Saboda haka duk wanda ka ci karo da shi a yankunanmu kwaɗo ne. Ƙadangare, tsaka, damo da kunkuru ba sa ciki: fatarsu busasshiya ce, kuma a tudu suke yin ƙwai mai ɓawo.

Wanda kowa ya sani shi ne kwaɗon gida mai kaushin fata da ƙuraje-ƙuraje, Sclerophrys regularis. Gajerun ƙafafu gare shi, tsallensa gajere, yana da doguwar kumbura biyu a bayan idanu, kukansa kamar minshari mai karkarwa. Bududdugi kuwa, Hoplobatrachus occipitalis, babba ne, yakan wuce santimita 10, fatarsa da santsi, idanunsa a saman ka, da wani layi da ya ratsa kan ta bayan idanun. Ba ya nisa da ruwa, da ka matso sai ka ji tsundum. Mai tsinin baki da dogayen ƙafafu da layi-layi a gadon baya, wanda ke tsalle daga ciyawar bakin tur'a ya yi mita guda ko fiye, Ptychadena ne. Akwai kuma ɗan Kassina mai baƙaƙen zane, wanda tafiya yake yi da sauri maimakon tsalle. Shi da wuya ka gan shi, amma ka sha jin sa: kukansa ɗaya-ɗaya ne, kamar ɗigon ruwa a cikin tulu.

Na ga wani abu kamar doguwar tasbaha mai yauƙi a cikin ruwa. Mene ne?

Ƙwan kwaɗon gida ne. Macen kan saki zare biyu na yauƙi, baƙaƙen ƙwai a jere a ciki, dubbai a lokaci guda, namijin na manne a bayanta yana zuba musu maniyyi a cikin ruwan. Sauran kwaɗin a dunƙule suke yin nasu, ko a warwatse a saman ruwa. Hemisus daban yake: a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da fula macen ke yin ƙwai, ta zauna a kansu, in sun ƙyanƙyashe ta buɗa musu hanya zuwa ruwa.

Da zafin nan namu ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa uku. 'Ya'yan su fito da wutsiya, ba ƙafa, suna numfashi a ruwa kamar kifi, yawanci suna kankarar gansakuka. Ƙafafun baya ne ke fara fitowa, sannan na gaba, sannan jiki ya shanye wutsiyar. Masu sauri kan gama cikin mako biyu zuwa uku, da yawa kuma sai wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Nan matsalar take: idan ruwan farko ya sauka sannan aka yi fashin mako biyu, fula ta ƙafe, za ka iske baƙin tabo a tsakiyar taɓon, 'ya'yan kwaɗi ne suka taru a sauran ruwan suka mutu tare. Cikin dubban ƙwan nan ƙalilan ne ke zama manya.

Idan na bar kwaɗi a gidana, za su rage mini sauro?

Ba sosai ba, kuma gara a faɗi gaskiya. Babban kwaɗo a ƙasa yake farauta: tururuwa, gara, shinge, gyare, ƙananan ƙwaro da tsutsotsin da ke yanke shuka da dare. A lambun tumatir, albasa ko kuɓewa wannan aiki ne mai amfani, kyauta kuma. Amma sauro mai tashi kaɗan ne a cikin abincinsa. 'Ya'yan kwaɗi ma yawancinsu gansakuka suke ci. 'Ya'yan bududdugi ne suka fita daban, masu cin nama ne, suna cin tsutsar sauro har da 'ya'yan wasu kwaɗin.

Masu cin tsutsar sauro na gaske su ne 'ya'yan mazari da ke kwance a ƙasan ruwa, ƙwaron da ke iyo da baya a saman ruwa, baƙaƙen ƙwaron ruwa da 'ya'yansu, da ƙananan kifaye. Duk waɗannan suna bukatar lokaci. Ɗan mazari, ko irin da ya fi sauri, sai ya yi sama da wata a ruwa kafin ya yi fiffike. Sauron maleriya na Sudan kuwa, Anopheles arabiensis, daga ƙwai zuwa tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai da zafi. Don haka yake neman sabon ruwa marar zurfi, mai haske, wanda rana ke duka: sawun kofato, sawun taya, yoyon famfo, ramin bulo, ruwan da aka bari ya kwanta a abu sitta, wato ƙaramar hanyar ruwa ta cikin gona. Yana riga maƙiyansa zuwa, ya gama ya tashi kafin su iso.

To, in cike fular bayan gari ko in bar ta?

Duba girmanta da daɗewarta. Ƙananan kududdufai da ba za su wuce mako biyu ba, a cike su ko a buɗa musu hanya kafin kwana biyar. Babu abin da suke haifarwa sai sauro. Babbar fula mai yin wata biyu ko uku, mai ciyawa da mazari na shawagi a kanta, tsakiyarta ba ita ce matsala ba. Ɗebi ruwa da farin kwano a wurare daban-daban ka duba. Tsutsar sauron maleriya a kwance take a miƙe da saman ruwa, ta sauron kwata kuwa a rataye take, kai ƙasa. Sau da yawa za ka iske kwanon tsakiya fayau, na sawun shanu a gefe kuwa cike. Maganin shi ne a ware wa dabbobi mashaya ɗaya, a zuba mata tsakuwa ko ɓaraguzan bulo, a share sauran gefen da fartanya ya zama ba ramuka.

Kada a zuba baƙin mai ko ragowar maganin feshi. Suna kashe komai, sauro ya dawo cikin mako guda ya sami ruwan ba mai tsaro, mazari kuwa sai bayan wata. An gudu ba a tsira ba ke nan. Idan dole sai an sa magani, akwai wanda ake yi da ƙwayar bakteriya, ana ce masa Bti, wanda ke kashe tsutsar sauro ya bar kwaɗi, kifi da mazari. Ɗan kifin nan Gambusia da aka shigo da shi don cin tsutsa yana da amfani a rufaffen tanki, amma a fula yana cin ƙwai da 'ya'yan kwaɗi.

Sauron kankasha (zazzaɓin cikungunya) da dengi, Aedes aegypti, shi ba ruwansa da fula. A zir, ganga da tsohuwar taya yake hayayyafa, kamar yadda mutanen Kasala suka gani a annobar 2018. A jikin bango yake manna ƙwansa, sama kaɗan da iyakar ruwa, kuma ƙwan na jure bushewa na watanni. Zubar da ruwan kawai bai isa ba, sai an goge cikin da soso duk mako, a rufe baki.

Wace katantanwa ce ke kawo tsargiya?

Ba manyan nan masu kaurin kwanso da yara ke tsinta ba. Ƙanana ne, da yawa ba su wuce farcen yatsa ba. Riƙe ta da cokali ko matsefata, ba da hannu ba, tsinin sama, bakin na kallonka. Idan bakin yana hagu, Bulinus ce, mai ɗauke da tsargiyar mafitsara, ta fitsarin jini. Idan kwanson a baje yake kamar naɗaɗɗiyar igiya ko gammo, ba tsini, Biomphalaria ce, mai ɗauke da ta hanji da hanta. Idan bakin yana dama, kwanson siriri mai tsini, Lymnaea ce, ta tsutsar hantar dabbobi.

Ga yadda abin ke zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko kusa da shi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ɗan da ya fito ya nemi katantanwa cikin 'yan sa'o'i, in bai samu ba ya mutu. A cikinta yakan yi kamar mako 4 zuwa 6 yana ninkuwa, daga nan ta riƙa sakin ɗaruruwa a kullum, masu wutsiya, ido bai cika ganin su ba. Sun fi fita da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke faɗawa tur'a don zafi. Ta lafiyayyar fata suke shiga cikin 'yan mintoci, ba sai da rauni ba. Mutum ba ya ɗaukar cutar kai tsaye daga mutum, dole sai ta bi ta katantanwa. Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, daga sunansa aka samo bilharsiya.

Iyaye, jini a ƙarshen fitsarin yaro ba alamar balaga ba ne. Ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Na hanji ya fi ɓoyewa, sai bayan shekaru a ga saifa ta kumbura ko mutum ya yi aman jini.

Me ya sa tsargiya ta fi yawa a Jazira da sauran ayyukan ban ruwa?

Saboda an mai da ruwan damina ruwan shekara. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, sannan aka ƙara yankin Manaƙil, aikin ban ruwan Jazira ya kai kimanin fadan (kusan eka) miliyan biyu. Madatsar Hashmul Girba ta biyo baya a 1964, ta Rusairis a 1966, aikin Rahad a shekarun 1970. Babbar tur'a mai gudu ba ta yi wa katantanwa daɗi. Ruwan da ke gudun sama da kamar santimita 30 a sakan ba ya barin ta ta zauna. Ƙananan tur'o'i ne gidanta. An tsara su ne su riƙe ruwa da dare, saboda haka gudunsu kaɗan ne, laka daga tsaunukan Habasha na kwantawa a ciki, ciyawa ta tsiro, ita kuwa a ƙarƙashin ganye take manna ƙwanta. Katantanwa ɗaya na iya hayayyafa ita kaɗai, don tana da gaɓoɓin namiji da na mace. Busar da tur'a na rage su, amma ba ya ƙarar da su: wasu kan shige tsagar laka su jira.

Shirin lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya haɗa magani ga mutane, kashe katantanwa a mashigai, ruwan famfo da masai, cutar ta ragu ƙwarai. Da shirin ya tsaya, ta sake ɗagowa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula yashe tur'o'i da aikin ruwan famfo, ya tilasta wa mutane da yawa komawa ɗiba daga tur'a, don haka tambayar da ke biye ta fi kowane lokaci muhimmanci.

Ba mu da wani ruwa sai na tur'a. Yaya za mu yi?

'Ya'yan tsutsar da katantanwa ta saki ba sa cin abinci, kuma ba sa wuce kwana biyu da rai. Ɗebo ruwan da guga mai igiya daga kan gada ko gaɓa, da sassafe, ba tare da ka shiga ba. Tace shi da ƙyalle don kada wata katantanwa ta biyo, in ta biyo za ta ci gaba da saki a cikin gangarka. Ajiye shi a rufe kwana biyu cur kafin wanka ko wanki. Ganga biyu ake bukata, ana amfani da ɗaya, ɗayar na jira. In akwai gaggawa, a dafa shi ya kai digiri 50 na minti biyar, wato zafin da hannu ba ya jurewa, a bar shi ya huce. Wannan na tsargiya ne kawai. Ruwan sha sai an tafasa ko an sa kulorin saboda kwalara da taifot.

Mai ban ruwa a hawasha, wato gonar ban ruwa, ya sa dogon takalmin roba. Maganin cutar praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki: mai kilo 60 ƙwaya huɗu ke nan masu miligiram 600, bayan an ci abinci, a hannun ma'aikacin lafiya. Ba ya kashe tsutsar da ba ta gama girma ba, shi ya sa akan maimaita bayan wasu makonni ga wanda bai daɗe da shiga ruwa ba, kuma ba ya hana sake kamuwa.

Maganin kashe katantanwa, niclosamide, yana kashe kifi da 'ya'yan kwaɗi su ma. Aikin ma'aikata ne, a mashigai kawai. Abin da jama'ar gari za su iya da kansu shi ne cire ciyawar mashiga da manjagara mai dogon ƙota, a jibge ta a tudu ta bushe nesa da ruwa.

Mahauci ya nuna mini wasu abubuwa kamar ganye a hantar saniyata. Daga ina?

Tsutsar hanta ce, Fasciola gigantica, takan kai santimita 7. Ta cikin katantanwar nan mai baki a dama take bi, sannan ta manne a ciyawar bakin ruwa, dabba ta ci. Ta yi yawa a gaɓar Farin Nilu da duk inda ake kiwo a fadama ko bakin tur'a. Alamominta rama duk da ana ci, farin ido, raguwar nono, da kumburin ruwa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Albendazole manyan kawai yake kashewa, triclabendazole ne ke kama har ƙanana, kuma kowanne yana da kwanakin da ba a shan nono ko yanka, a tambayi likitan dabbobi. Hafir mai shinge da kwamin shayarwa a waje ya fi kowane magani.

Shingen na maganin matsattsaku ma. Akwai irin da ke shiga hanci ko maƙogwaron dabba, har da mutum, tun yana ƙarami, ya manne yana shan jini. Dabbar da ke zubar da jini ta baki ko hanci bayan shan ruwan fula, a duba ta. In a maƙogwaron mutum ne, asibiti za a je, kada a ja da ƙarfi.

Bayan feshi na ga kwaɗi da kifi a mace a abu ishirin, hanyar da ke kai ruwa gonaki daga tur'a. Me ya faru?

Ruwa ba ya tsami banza. Yawanci ɗaya cikin uku ne: an wanke famfon feshi ko galan a cikin ruwan, ko iska ta kwashe feshin, ko an yi ban ruwa nan take bayan feshi ruwan ya gangaro. Fatar da kwaɗo ke sha da numfashi da ita ba ta tace komai, abin da ya taɓa ta ya shiga jini. Endosulfan, wanda aka daɗe ana fesa wa auduga, yana cikin masu tsananin kashe kifi da kwaɗi, kuma tun 2011 aka sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta amince a daina. Takin yuriya ma in ya yi yawa a ƙaramin ruwa yana kashe 'ya'yan kwaɗi.

A ɗauraye galan sau uku, a juye ɗaurayen a cikin famfon, a fesa a gonar da aka yi wa maganin, sannan a huda galan ɗin don kada a zuba ruwan sha a ciki. A bar 'yan taku ba feshi a bakin ruwa. A yi feshi da safe kafin iska ta tashi. Kifin da ya mutu haka ba a ci, ba a ba kaji.

Manoman Jazira sun riga sun ɗanɗana sakamakon kashe ƙananan halittu ba zaɓi: bayan shekaru ana feshin jirgi, farin ƙuda ya zama babban abokin gaban auduga a ƙarshen shekarun 1970, don an kashe ƙwarin da ke cin sa. A duniya kuwa, binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi na fuskantar ƙarewa, saboda rasa mazauni, sauyin yanayi da wata cutar fata.

Kwaɗo yana da dafi? An ce fitsarinsa na sa ƙuraje.

Abin da yake saki in ka ɗaga shi ruwan ajiyarsa ne, ba ya sa ƙuraje. Dafin yana cikin kumburin nan biyu na bayan idanu, fari ne kamar madara, sai an matsa shi yake fita. Ba ya ratsa lafiyayyar fata, amma yana da raɗaɗi a ido da baki, kuma in an haɗiye shi yana taɓa zuciya. A wanke hannu da sabulu, a hana yara sa shi a baki. Karen da ya cije shi zai yi kumfa. A sunkuyar da kansa, a goge dasashi da harshe da jiƙaƙƙen tsumma ana ɗaurayewa har minti goma.

Kwaɗi na faɗawa ramin ruwa su mutu. Yaya zan hana? Kuma ya halatta a kashe su?

Tsalle ɗaya ke jefa su, bangon siminti kuwa ba ya hawuwa. Rufe bakin ramin, ko ka ɗaga masa baki kamar bulo biyu. In ba zai rufu ba, jingina katako mai kaushi a karkace, ko ka rataya buhun algarara daga baki har cikin ruwan, za su hau da kansu. Kada a watsa musu gishiri ko toka, yana janye ruwan jikinsu su mutu da azaba. A kife musu bokiti a kai su lambu.

Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa wani likita ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. A kan cin sa malamai sun saɓa: Malikiyya sun halatta na ruwa, sauran mazhabobi uku sun hana.

Wani abu mai kwanso a baya da wutsiya biyu ya cika fular da ta yi wata tara a bushe. Daga ina ya zo?

Triops ne, dangin jatan lande da ƙaguwa. Ƙwansa na cikin ƙurar fular, yana jure rana shekaru, kuma ba duka ke ƙyanƙyashewa a ruwan farko ba. Wasu na jiran na biyu ko na baɗi, don kada fashin ruwa ya ƙarar da zuri'ar. Cikin mako biyu ya girma ya yi sabon ƙwai. Ba ya cizo. Masu binciken halittun ruwa na Jami'ar Khartum sun yi nazarin irin waɗannan fulolin tun shekarun 1950. Kwashe ƙasan fula don yin bulo yana tafiya da wannan ajiyar ƙwan gaba ɗaya, don haka a bar wani sashe ba a taɓa ba.

Nimitti sauro ne?

Koren nimitti, ɗan ƙaramin ƙwaron nan mai tashi da ke rufe fitilun bakin Nilu da sanyi, ba sauro ba ne, ba ya cizo. Tsutsarsa a lakar kogi take, kifaye na ci. Illarsa ga masu asma ce, don ƙurar gawarsa na tayar da ciwon. A kashe fitilun waje da magariba, a share gawar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

A tudu fa, su wa ke gyara ƙasa?

Tana sai inda danshi ke daɗewa: gaɓar kogi, lambu, gindin mangwaro. A busasshiyar ƙasa gara ce ke yin aikinta. Fakon da ruwa ke gudu a kansa, in ka haƙa ƙananan ramuka ka zuba taki da kara kafin damina, gara za ta zo ta huda shi, ruwa ya sami hanyar shiga. Ba kowace gara ce ke cin shuka mai rai ba, kuma masu cin sun fi kama wadda ƙishi ya riga ya raunana. Buzuzu na binne kashin shanu, ya rage ƙuda, ya kai taki ga saiwa. Allurar ivermectin na fita a kashin dabba har kwanaki, tana kashe 'ya'yan buzuzu. In ka ga kashi ya bushe a fili ba rami ko ɗaya a jikinsa da damina, ka yi tunanin wannan. A yi wa dabbar da ke bukata, ba garke duka a kowane wata ba.

Ni malamin firamare ne. Zan iya renon 'ya'yan kwaɗi a aji?

Ƙwarai kuwa, malam. A ɗebo daga fular ruwan sama da ta cika kwanan nan, ba daga tur'a ba, da rariya da bokiti, yara na tsaye a tudu. Guda goma sun isa a baho mai lita 10, zurfin ruwan kamar tsawon yatsa biyu. In ruwan famfo ne, ya kwana biyu a buɗe kulorin ya fita. A ajiye a inuwa mai haske, a rufe da yankin gidan sauro. Abinci ɗan dafaffen ganyen alayyahu ko lalo, gwargwadon abin da za su cinye a yini. Abin da ya fi kashe su shi ne ragowar abinci da ke ruɓewa, ruwan ya yi wari. A canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk kwana biyu ko uku. In ka ga ɗaya ya fi sauran girma kuma adadin na raguwa, ɗan bududdugi ne, a ware shi.

Ranar da ƙafafun gaba suka fito, a rage ruwan, a karkata bahon ko a sa dutsen da ya ɗara ruwa, don huhu ya fara aiki kuma suna iya nutsewa. A kwanakin nan ba sa cin komai, wutsiyar ce abincinsu. Yara su riƙa auna ta da zare kowace safiya suna rubutawa. Da ta rage ɗan guntu, a mai da su bakin fular da aka ɗebo su, da yamma bayan rana ta yi sanyi, a sake su a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa.